Netwok Ne, In Ji Bazazzage

Malam na Zazzau, bawana na kaina. Na so in bari sai mun haɗu a teburin mai shayi in faɗa maka wannan magana baki da baki, to amma na san hali. In na ce mu haɗu bayan la'asar, sai an sallame isha'i za ka ɓullo kana cewa ai tun ɗazu kana hanya. Gara in sa a jarida. Ko ba komai takarda tana da haƙurin jira, ba ta da iyalin da za su tambaye ta inda ta tsaya.

Yau shekara ashirin da ɗoriya muna zaune a Jos. Ni na zo daga Kano da ɗan jarina, kai ka zo daga Zariya da ludayin shan fate. Ka tarar mutanen Filato suna dama gwate, ka kurɓa ka ji ai ƙanin fate ne uwa ɗaya uba ɗaya, nan take ka sauke kaya. Ka kuma kasa kunne ka ji Hausar garin ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne ko da amarya ce, sai ka ce alhamdu lillahi, ashe gida na dawo. Tun ranar ba ka sake waiwayar Ƙofar Doka ba sai da salla.

A tsawon shekarun nan babu uzurin lattin da ban ji daga bakinka ba. Cunkoson Taminus ya ɗauki laifi har ya gaji. Ruwan Agusta ya ɗauka, sanyin Disamba ya ɗauka, tayar babur ɗinka kuwa ta yi facin da ko mai facin bai san da shi ba. Akwai ranar da ka ce baƙi ne suka tsare ka, alhali ni ne baƙon, ina zaune a zaurenka ina jiran ka fito daga wanka. Na ɗauka rumbun ya ƙare. Ashe abin nema ne zai samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Zamani ya kawo maka uzurin da ba ya tsufa, ba ya kuma iya kare kansa: netwok.

Bari in tuna maka, tunda masu karatu ba su je ba. Bikin 'yarka ya matso, ka rantse sai ka yi abin da ba a taɓa yi ba a unguwa. Ɗan yayarka da yake karatu a Landan shi zai rera waƙar amarya, abokinka na Sabon Garin Zariya ya danna fiyano, kai kuma ka rataya kalangunka a nan Jos, duk a lokaci guda, baƙi suna kallo a majigi. Ka sa ranar gwaji, wata Asabar, a ɗan situdiyon nan na lungun bayan titin Bauchi. Ka aiko mini takanas cewa in zo in ga aikin mutanen birnin ilimi, in san duniya ba saye da sayarwa ba ce kawai. Na rufe shago na zo. Ka ce ƙarfe huɗu, ka iso biyar da kwata, amma wannan ba labari ba ne.

Aka kunna manhajar taron bidiyo, fuskoki suka fito. Ka gyara hula, ka matse kalangu a hammata, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka saki hannu. Gaskiya a faɗe ta, bugun farko ya yi daɗi. Sai mai fiyano ya shigo a bayanka kamar wanda ya tsaya ɗaura alwala. Ka ji ya makara, ka ɗan sassauta don ya cim maka. Shi kuma can a Zariya ya ji ka sassauta, sai ya ƙara sassautawa don kada ya wuce ka. Yaron Landan ya buɗe baki a inda kunnensa ya gaya masa daidai ne, muryar ta iso mana bayan kun bar wurin. Kai ka jira shi, shi ya jira mai fiyano, mai fiyano ya jira ka. Kiɗan da ya tashi kamar na 'yan dambe, kafin minti ɗaya ya koma rarrashin jariri, daga nan ya mutu da kansa ba wanda ya ce a tsaya. Sau biyar ana sakewa. A na uku ma manhajar ta yanke hukuncin cewa kalangunka hayaniya ce, irin ta janareta ko kukan akuya, ta shiga share shi don a ji muryar mai magana. Muna ganin mutumin Zariya yana ta "kana ji na? kana ji na?", kai kuma ka hau benci da kalangu a rataye, ka ɗaga waya sama wajen taga kamar mai neman jinjirin wata.

Ka zagi netwok, ka aika a ƙaro data, ka ce gobe za ka sayi wata na'ura. Ni dai ban ce uffan ba. Amma Bakano ba ya barin lissafi ya kwana, ko da ba kuɗinsa ba ne. Na koma gida na bi diddigin abin, ga kuma sakamako, kyauta, tunda na san ko na sa farashi sai baɗi za ka biya.

Mu fara da abin da kakarka ta sani ba tare da ta shiga jami'ar da kuke taƙama da ita tun 1962 ba. Ka taɓa hango mace tana daka daga nesa? Taɓarya ta sauka, ta ɗago, sannan ka ji tim. Sauti tafiya yake yi, kuma ba shi da saurin da muke zato: kimanin mita 343 a sakan guda. A sanyin Jos ma yakan ɗan rage, ya koma wajen 337 in gari ya yi irin asubahin nan da ruwan buta yake cizo, don haka na yafe maka mita shida. A filin Idi kowa ya ga yadda sahun gaba suke yin ruku'u, na can baya su biyo daga baya kamar iska ta bi ta kan gero. Mita 300 kusan sakan guda ce cur.

To masu wannan sana'a ba da sakan suke awo ba. Sukan ɗauki sakan ɗaya su yanka shi gida dubu, yadda mai tsire yake yanka nama in ya ga baƙo, kowane yanki su kira shi milisakan. Ƙiftawar ido ɗaya takan ci 100 ko fiye. Kowace mita tsakaninka da abokin kiɗanka tana cin kusan uku. Abin da aka daɗe da ganewa shi ne, makaɗa biyu suna iya riƙe kiɗa tare muddin jinkirin da ke tsakaninsu bai wuce milisakan 25 zuwa 30 ba, wato kamar tazarar mita goma. Iyakar da kuka tsallake har gwajinka ya mutu ba ta kai sulusin ƙiftawar ido ba.

Wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, Chris Chafe, shi da abokan aikinsa sun gwada abin nan tun wajen 2004. Suka sa mutane bibbiyu a ɗakuna dabam-dabam, kowa da abin ji a kunne, aka ce su yi tafi tare, ana ƙara musu jinkiri kaɗan-kaɗan ba su sani ba. Da jinkirin ya yi yawa sai tafin ya riƙa lafawa, kowa yana jiran kowa, daidai abin da kuka yi. Abin mamakin shi ne, da aka rage jinkirin ƙwarai sai suka riƙa ƙara sauri. Inda tafin ya zauna daram shi ne wajen milisakan 11 da rabi, kusan tazarar mutum biyu a zaure ɗaya. Ashe kunnen ɗan'adam ya saba da ɗan latti, har yana sa ran sa. Kar ka yi murna. Ɗan latti aka ce, ba irin naku na gado ba.

Ni abin da ya fi faɗo mini a rai ina kallonku shi ne lugude. Mata uku a turmi ɗaya, taɓarya tana fita wata tana shiga, har a jefa ta sama a tafa a cafe, ba mai kallon agogo, ba mai ƙirga komai. Kowace tana jin 'yar'uwarta a kunne da ƙafa da girgizar ƙasa. Ka jinkirta ɗaya daga cikinsu da ƙiftawar ido ka ga yadda taɓare za su gwabza, a kwashi wata zuwa wurin mai ɗori. Kalangu da kuntuku haka suke, a ramin da wannan ya bari wancan yake zuba nasa. In kiɗa yana tafiya bugu 120 a minti, ka raba kowane bugu huɗu yadda hannunka yake yi in ka ji daɗi, kowane ɗan ƙaramin bugu milisakan 125 ne. Jinkirin da ya kai haka ya ɗauke ka daga raminka ya jefa ka a na maƙwabci.

Yanzu mu bi sawun kalangunka zuwa Landan. A cikin zaren gilashin da intanet yake bi, haske yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Ka ce ai wannan ya wuce misali. To ƙirga. Da za a miƙa zare ɗoɗar daga Jos zuwa Landan, ta kan hamada da teku ba kwana, ya haura kilomita 4,600, milisakan 23 ke nan, kuɗin cefanen ya kusa ƙarewa tun ba a shiga kasuwa ba. Kuma babu wannan zaren. Bugunka sai ya gangara daga kan dutsen nan ya nufi Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, don a can manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa tudu. Ɗaya daga cikinsu, MainOne, da aka buɗe a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne, milisakan 35. Daga Fotugal kuma a ƙarasa Ingila. In ka tara, ka doshi 50 a zuwa kawai, kafin muryar yaron ta juyo ta biya wani 50 ɗin. Wannan fa a ce babu na'ura ko ɗaya a hanya, babu layi, babu tsayawa. Ko dukiyar Kantin Kwari ka zuba a data ba za ta rage ko ɗaya ba, domin ba kamfani ne ya yanka wa haske gudunsa ba. Wanda ya yanka masa kuwa ba a kai ƙararsa.

Na ji ka ce a bi ta sama. Tsofaffin taurarin ɗan'adam, irin waɗanda kwanon talabijin yake kallo, suna can nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai kusan rubu'in sakan. Na Starlink, da suka fara aiki a Najeriya a farkon 2023, suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, sun rage wahalar hawa amma ba su matso da Landan ko taku ɗaya ba. Ka kuma gode wa Allah ba ranar 14 ga Maris, 2024 ka sa gwajin ba, ranar da wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa, rabin Afirka ta Yamma ya wuni yana kallon waya tana juya ƙawanya. Ranar kam da ka ce netwok ne, da na tsaya maka shaida.

Zariya fa? Nan ne ka fi ba ni dariya, don nan kam hanya ba ta da laifi. Jos zuwa Zariya ba ta kai kilomita 250 ba, haske zai je kafin a ce milisakan biyu. Ko da saƙon ya yi halin direban da ba ya tafiya sai ya biya ta gidan uwargida, ya gangara Legas ya hauro, kamar yadda yakan faru in layinku ba na kamfani ɗaya ba ne, bai fi goma ba. A da ma har Turai saƙon maƙwabci yakan je ya dawo, shi ya sa aka kafa mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, a 2006, don abin gida ya tsaya a gida. Ashe lokacinku a tasha ya ƙare, ba a kan titi ba.

Ka san tashar titin Bauchi. Mota ba ta tashi sai ta cika. Haka kwamfuta take yi da sauti: takan datsa shi sau 48,000 a sakan, ta tara 'yan gutsattsarin a ƙunshi, sai ƙunshi ya cika ta sallame shi. In ƙaramar mota ce mai cin 128, lodi bai kai milisakan uku ba. Amma manhajar taro ba ta san wannan gaggawa ba. Takan yi babban lodi, ta matse kaya don kada su ci data, ta tace hayaniya, ta hana amsa-kuwwa, duk kafin a bar tasha. A can masauki kuma akwai wani jiran. Ƙunshi ba sa isa a jere, wani ya riga wani, wani ya ɓata a hanya, don haka sai a tsare na farko a bakin ƙofa har na baya su iso a jera su. Gwargwadon rawar sabis, gwargwadon tsawon jiran. Kai kuma ka ɗora kiɗanka a kan sabis ɗin waya, a unguwar da kowane yaro yake kallon TikTok da yamma, daga wayar ka ba kwamfuta ta wayifai, sannan don ƙawa ka liƙa ɗan abin kunnen nan mara waya da ka saya don a ce kai ma ka waye. Shi kaɗai bulutut ɗin nan yakan ci milisakan 100 zuwa 200. Tun sautin bai bar kunnenka da taku ɗaya ba ka riga ka cinye kason mutum biyar.

Kuma dai tsakanin Zariya da Jos, jinkiri tsohon zance ne. Ka tuna ƙaramin jirgin ƙasan nan mai siririn dogo da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya don kwasar kuza, wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Tsofaffi suna ba da labarin yadda yake nishi in ya zo hawan dutse. Ina kyautata zaton a cikinsa kakanninka suka fara zuwa, jinin ya ɗauki saurinsa, aka rufe dogon aka manta ba a sanar da ku ba.

Za ka ce, to ya aka yi muke hira da yaron a waya lafiya lau? Domin hira karɓa-karɓa ce. Ka faɗa, in faɗa. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya ta shimfiɗa ita ce, magana ba ta damuwa muddin jinkiri bai wuce milisakan 150 ba, ninki biyar na abin da kiɗa yake ɗauka. Ko ya wuce ma, abin da zai faru bai fi ku yi karo a "salamu alaikum" ba, kowa ya ce "ina jin ka, ci gaba". A gidan kallon ƙwallo ma ai ka sha gani: masu rediyo a waje sun yi ihun an ci, ku na ciki kuna kallon ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba. Ba wanda ya fasa kallo. Mai kallo da mai sauraro suna iya zama a baya ba su sani ba. Wanda zai mayar da amsa a cikin bugu, shi ne ba shi da wannan gatan.

Na san inda ka samo wannan buri. Lokacin kullen korona a 2020 ka ga mawaƙan duniya a allo, kowa a akwatinsa, kowa a falonsa, suna kiɗa tare tsaf kamar a ɗaki ɗaya, har da wasan nan na watan Afrilu da Burna Boy ya fito a ciki. Malam, naɗe-naɗe ne. Kowa ya ɗauki nasa yana bin ma'auni ɗaya, wani ya zauna ya ɗinke. Ko wanda aka yi da gaske kai tsaye, dabara aka sa. A bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Nagano ta Japan a 1998, Seiji Ozawa ya jagoranci mawaƙa a Balin da Niyok da Bejin da Sidni da Kef Tawun suna rera waƙa ɗaya. Yadda aka yi shi ne, kowa ya bi jagora, shi jagora bai bi kowa ba, sannan injiniyoyi suka tsare muryoyin da suka riga isowa har ta ƙarshe ta iso, aka sake su tare. Wato aka sa kowa ya yi latti daidai da wanda ya fi kowa latti. In da a Jos aka yi, da kai za a saita.

Ba na ce abin ba ya yiwuwa sam ba. Akwai manhajojin da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, irin su JackTrip na mutanen Stanford ɗin nan, da Jamulus da wani Bajamushe, Volker Fischer, ya fara a 2006. Ba ruwansu da hoto, ba ruwansu da tace hayaniya, ƙaramin lodi suke yi su tashi. Amma sharaɗinsu shi ne kebul daga bango zuwa kwamfuta, abin kunne mai waya, da abokan kiɗa da ba su yi nisa ba. Da kai da mutumin Zariya kuna da wannan, da wataƙila an ji wani abu. Landan kuwa sai dai haƙuri.

Wadda ta burge ni ita ce wata mai suna Ninjam. Masu ita sun ga ba za su ci jinkiri da yaƙi ba, sai suka ƙara shi da gangan har ya cika zagaye guda na kiɗa. Kai kana buga zagaye na biyu a kan abin da abokinka ya buga a na farko, shi ma haka yake ji daga wajenka. Kowa yana baya, amma kowa yana kan bugu. Da na fahimci wannan sai na yi dariya ni kaɗai a shago, don ai gidanmu aka biyo. Me 'yan amshi suke yi? Shata ya ajiye magana, su ɗauka bayan ya gama, ba tare da shi ba. Waƙarmu tun asali tana da ɗakin jira a cikinta. Da ka zauna ka yi tunani irin na mutanen birnin ilimi, da ka bar kalangu da fiyano a ɗaki guda a nan Jos, yaron Landan ya jefo baiti sakaka ba tare da ya hau kan bugu ba, 'yan amshi a nan su cafe a inda ya dace. Ko kuwa ka yi yadda kowane situdiyo daga nan har titin gidan Zu a Kano yake yi kullum: mai kiɗa ya haɗa kiɗa, a tura wa mawaƙi ta WhatsApp ya hau, 'yan mata su zo daga baya su ɗora amshi. Waƙoƙin fim nawa ka yi rawa da su waɗanda mai waƙar da mai amshin ba su haɗu a ranar ba?

Kuma kana zaune a garin da ya haifi mutumin da ya kashe wannan matsala tun ba a haife ta ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, in labari ya kai ga miji da mata shi ne mijin shi ne matar. Tsakanin yatsansa da kunnensa bai fi kamu biyu ba. Bai taɓa jiran kowa ya shigo ba, bai taɓa hawa benci neman sabis ba. Na so in ba ka shawarar ka koma kuntigi, sai na tuna kai ko kai kaɗai ne za ka iya makara wa kanka.

Wannan ba ƙazafi ba ne, ina da shaidu. Bayan gwaji na biyar, da aka ɗauke wuta allo ya mutu, Landan da Zariya suka ɓace, yaron situdiyon nan ya ga ranka ya ɓaci, ya jawo kuntuku ya ce, "Baba, bari mu ɗan taɓa mu biyu kafin a tayar da janareta." Ya zauna a gabanka, tazarar ba ta wuce mita biyu ba. Milisakan shida, Malam. Babu teku, babu Legas, babu tasha, babu bulutut, ƙasa ma da abin da mutanen Stanford suka ce ya fi daɗi. Ya ɗauko kiɗa tsaf. Muka zuba maka ido. Ka gyara hula, ka gyara rataya, ka kurɓi shayin da ya huce, sannan ka shigo, a bayan bugu, yadda ka saba shiga ɗaurin aure bayan an shafa fatiha. Yaron ya ɗago ya dube ni, na dube shi, ladabi ya hana shi magana. Kai kuwa ko kunya, ka waiwaya wajen matacciyar kwamfuta ka yi tsaki.

Bikin dai an yi shi lafiya, Allah ya ba su zaman lafiya. Yaron Landan ya turo muryarsa tun ana saura kwana uku, aka ɗora, mata suka yi ta liƙi suna share hawaye, ba wanda ya tambaya ko kai tsaye ne. Na ga ka tsaya kusa da lasifika kana gyaɗa kai kamar kai ka ƙirƙiro dabarar.

Saura magana ɗaya. Watan cika-ciki ya wuce, wani ya zo ya wuce, na uku ma ya wuce, kuɗin sharata na wajenka ban gani ba. Duk lokacin da na tambaya sai ka zaro waya ka nuna mini allo ka ce ka tura, alat ne bai shigo ba. Na lissafa, in da a zaren gilashi kuɗin nan suke tafe tun ranar da ka fara cewa ka tura, da sun je rana sun dawo sau dubbai. Gidanka da shagona kuwa tafiyar minti goma ce a ƙafa. Ka kawo su a hannu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zan sa a dama maka gwate, in kuma ce wa mai ɗakina kada ta ɗora tukunya sai an kira magariba.